Kewa ba ta toshe yoyo

Duk wanda ya tashi a tsohon gidan gona yana da labarin da ba ya gajiya da bayarwa. Bishiyar ƙofar gida, rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba, ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko, ɗakin kaka mai duhu da sanyi ko da rana ta take. In 'yan'uwa suka haɗu a birni sai a kwashe awa biyu ana wannan hira, ana dariya, wani har ya share ƙwalla. To ka katse su da tambaya uku. Yaushe rabon da wani ya hau rufin gidan? Takardar filin tana hannun wa, sunan wa ke kanta? Cikin tsofaffin da suka san yadda aka kafa gidan, nawa suka rage, kuma wa ya taɓa ɗaukar muryarsu? Nan take hira ke mutuwa, kowa ya dubi ɗan'uwansa.

Talauci yana da nasa kason a mutuwar irin waɗannan gidaje, amma na fi ɗora laifin kan wannan kewar da ba ta da hannu ba ta da ƙafa. Mutum yana jin tunda yana son gidan har cikin ransa, ai ya sauke nauyi. Ranar da kuɗi suka zo kuma, sai a kashe su a kan abin da ido ke gani, fenti da siminti da sabuwar ƙofar ƙarfe, a bar abubuwa uku da ke riƙe da gidan: bakin tsofaffi, hanyar ruwa, da takarda.

Maganar ta wuce dangi ɗaya. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2014 cewa gonakin duniya sun haura miliyan 570, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari mutum ɗaya ko iyali ne ke riƙe da su. Amma 'ya'yan waɗannan iyalai suna ta kwarara birni. A 2018 kashi 55 cikin ɗari na mutanen duniya a birane suke, ana kuma hasashen za su kai kashi 68 a 2050. Japan ta riga kowa ganin inda hanyar ke ɓullewa: ƙidayar 2023 ta samu gidaje kusan miliyan 9 babu kowa a ciki. Ba duka ne a karkara ba, amma da yawa gidajen gado ne da magada suka kasa zama a ciki, suka kuma kasa rabuwa da su. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Bakin tsofaffi ya kamata a fara da shi, don katanga in ta faɗi ana tayar da ita, tsoho in ya tafi ya tafi. Sai dai yawancin masu ɗaukar irin wannan hira ɓata ta suke yi tun daga tambayar farko. A tara dangi goma a zagaye tsohuwa, a ce "Kaka, ba mu labarin da." Abin da za a samu shi ne labarin da aka saba ji, wanda yawan maimaici ya goge masa kaifi, ga kuma wani kawu a gefe yana gyara mata zance. A zauna da kowane tsoho shi kaɗai, minti 45 zuwa awa ɗaya, kar a wuce, don gajiya tana sa mutum ya riƙa cewa "e" ga komai. A kashe layin waya kada kira ya yanke ɗauka, a ajiye ta kamar kamu ɗaya ko biyu daga bakinsa, nesa da injin wuta da fanka. Kafin komai a faɗi kwanan wata da sunan mai magana da wurin da ake zaune. Bayan shekara ashirin, muryar da ba a san mai ita ba ba ta da amfani ga kowa.

In tsohon yana iya tafiya, a fita da shi gona. Ƙafa tana tuna abin da kai ya manta. Za ka ga ya zo wani wuri da ba ka ga komai ba sai ciyawa, ya tsaya, ya caka sandarsa a ƙasa ya ce nan tsohon rumbu yake, an tashe shi ne don ruwa na kwanciya a gindinsa. Wannan jimla ɗaya ta fi awa guda ta yabon zamanin da, domin ta gaya maka inda ba za ka yi gini ba. Irin tambayoyin da ke fito da wannan su ne na aiki: wane ɓangaren gona ke fara bushewa, ina ruwa ke bi shekarar da aka yi ambaliya, daga ina aka haƙo ƙasar da aka gina gidan, wa ya haƙa rijiyar kuma a gaba nawa aka tarar da ruwa, me aka taɓa shukawa ya ƙi, wace bishiya ce iyaka da maƙwabci kuma su wa suka shaida.

A kula da yadda ake jefa tambaya. Masu nazarin tunanin ɗan'adam sun daɗe da gano cewa abin da ya faru kafin mutum ya kai shekara uku ba ya zama a kai, kuma abin da tsoho ya fi riƙewa shi ne na tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsa. Saboda haka wanda ya ce yana tuna ranar da aka gina ɗaki alhali yana goye a lokacin, labarin da aka ba shi yake tunawa. A wani gwaji da ɗaya daga cikin masanan, Elizabeth Loftus, ta wallafa a 1995, an gaya wa mutane cewa sun taɓa ɓata a kasuwa suna yara, abin da bai faru ba, amma kusan ɗaya cikin huɗu suka amince har suna ƙara bayani. In ka ce "Ai kakanmu ne ya haƙa rijiyar, ko?" ka riga ka sa amsa a bakinsa. Ka ce "Wa ya haƙa rijiyar?" ka yi shiru. In tsofaffi biyu suka saɓa, a ajiye maganar kowa da sunansa, kar a zaɓi mai daɗin.

Akwai kuma waɗanda kullum ake tsallakewa. Matan da aka auro cikin gidan sun san ɗakin ajiya da madafa da hanyar rafi fiye da mazan da gidan ke amsa sunansu. 'Ya'ya matan da suka yi aure suka tafi suna riƙe da gidan kamar yadda yake ranar da suka bar shi. Sai 'yan ƙodago da makiyaya da iyalansu, waɗanda guminsu ya gina katangar amma ba a ambatonsu in ana lissafin asali. Labarinsu ba lallai ya yi wa dangi daɗi ba, za a ji maganar bashi da yunwa da wanda aka cuta a rabo. Tarihin gidan da babu irin wannan a cikinsa kirari ne kawai.

Abin da aka ɗauka kuma kar a bar shi a waya ɗaya. A yi kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani gari daban. A rubuta muhimman wurare a takarda, tare da sanin cewa hirar awa ɗaya tana cin awa huɗu zuwa shida wajen rubutawa. Tsofaffin hotuna a rubuta sunaye a bayansu da fensir, don tawadar biro tana ratsa takarda. Kar a manna musu salatif, kar a kai su a rufe da roba mai zafi, wannan in an yi ba ya warwaruwa. A ɗauki kwafinsu da na'urar sikana a kan ɗigo 600 a kowane inci, a aika wa dangi ainihin fayil ɗin, domin WhatsApp yana matse hoto ya rage masa kyau. Akwatin takardu kar ya zauna a ƙasa, kar ya jingina da bangon waje. Da zarar damshin iska ya wuce kamar kashi 65 cikin ɗari, fumfuna ta samu gida.

Sai ginin kansa. Tsohon gini, na ƙasa ne ko na dutse da katako, babban abokin gabarsa ruwa ne, kuma ta hanya uku yake zuwa: daga sama, daga ƙasa, da fantsama a gindin bango. Magina ƙasa a kudu maso yammacin Ingila suna cewa irin wannan gini ba abin da yake nema sai hula mai kyau da takalmi mai kyau. Hular ita ce rufi. A shiga kowane ɗaki ana tsakiyar ruwan sama, a yi wa duk inda ke ɗiga alama da alli, don in an bushe ba za a gane ba. A share indararo kafin damina, a tabbata yana jefa ruwa nesa da bango, ba yana tsiyaya a jikinsa ba. A ɗauki sukudireba a caka kan kowane katakon rufi a daidai inda ya shiga bango, don nan yake fara ruɓewa, tsakiyarsa kuwa yana nan kamar sabo. In ƙarfen ya nutse ba da ƙarfi ba, ko aka ga hanyar gara ta hau bango, a tokare katakon tun kafin a yi maganar canzawa. Rufin da aka yi da tsohon kwanon asbesto kar a fasa, kar a yanka, ƙurarsa tana lalata huhu.

Takalmin shi ne gindin bango. Shekara da shekaru shara da taki da ƙasar da iska ta kwaso suna taruwa a jikin gini har ƙasar waje ta fi daɓen ɗaki tudu, daga nan rima ta shiga. A kwashe, a gyara gangare yadda ƙasa za ta sauka kamar santimita 15 a cikin mita uku na farko daga bango. Aikin shebur ne na kwana biyu, amma ya fi buhu hamsin na siminti amfani.

Simintin nan shi ne babbar cutar da masu kyakkyawar niyya ke yi wa tsohon gini. Ɗa ya samu kuɗi, ya ce zai rufa wa gidan ubansa asiri, ya sa a shafe bangon ƙasa da siminti, a buga fentin mai. Shekara ta farko kowa na sa albarka. Abin da ke faruwa a ciki kuwa daban ne. Bangon ƙasa yana shan damshi daga ƙasa ya fitar da shi ta jikinsa, haka ya rayu shekara ɗari. Siminti ya toshe masa wannan numfashin. Ga shi kuma ba ya motsi tare da ƙasa in zafi da sanyi sun canza, sai ya yi 'yan tsagu kamar gashi, ruwan sama ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita. Je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa, kamar kamu biyu daga ƙasa. In ka ji yana amsawa kamar ganga, yaɓen ya rabu da bango. Ɓamɓare ɗan wuri ka sa hannu: ƙasar za ta zubo maka a tafi, da sanyi, da laushi kamar gari, wani lokaci da farin gishiri a kanta. Daga waje gida na sheƙi, gindin da ke ɗauke da nauyinsa duka ya zama tuwon ƙasa. Irin wannan bango ba ya ba da sanarwa, dare ɗaya yake zaunawa. Daɓen siminti a cikin ɗaki ma haka yake yi, yana kora damshin da ke ƙarƙashinsa zuwa bango.

Gyaran ba a yi masa gaggawa. Da rani ake yi, a cire simintin mita ɗaya mita ɗaya, kar a kware bango gaba ɗaya, don a wani wurin yaɓen ne kaɗai ya rage yana riƙe da shi. A bar shi ya sha iska ya bushe. A cike da irin ƙasar da aka yi ginin da ita, shi ya sa tambayar inda aka haƙo ta take da muhimmanci. In ba a sani ba, a gwada: a zuba ƙasa rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin 'yan awoyi, yumɓu sai ya kwana ɗaya ko biyu. In yumɓu ya yi yawa yaɓe zai tsage, a ƙara yashi da yankakkiyar ciyawa. In ya yi kaɗan zai riƙa zuba in an shafa hannu. A yi gwaji uku ko huɗu a jikin bango, kowanne kamar faɗin faranti, a jira mako guda a ga wanda ya kama. A jiƙa bango kafin a yaɓa, kowane shafi kar ya wuce kaurin yatsa, sai ya bushe a ƙara wani. In ana son fari, farar ƙasa tana barin bango ya yi numfashi.

Tsaga kuwa ba kowace ce abin tsoro ba. A ja layi da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe, a riƙa dubawa duk wata har rani da damina su zagayo. Wadda ta tsaya a cike ta. Wadda ke ƙaruwa, ko ta wuce milimita 5, ko ta fi faɗi a sama, tana nufin tushe na motsi ko rufi na tura bango waje, wannan sai an kira wanda ya san aikin. Kuma ɗakin da aka kulle shekara biyu ya fi wanda ake kwana a ciki saurin lalacewa. Gara a ba wani amintacce ya zauna kyauta yana buɗe taga da a sa kwaɗo a tafi da makulli birni.

Abu biyu a taƙaice. Tsohuwar rijiya a yi mata murfi mai nauyi, kar kowa ya shiga yasa ba da kayan aiki ba, don iskar ƙasanta tana iya kashe mutum kafin ya yi ihu, kuma kar a haƙa masai ƙasa da mita 30 daga gare ta. Irin shuka na gado kuma ba ya zama a tulu har abada. A ɗauki ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a ƙirga bayan kwana bakwai zuwa goma. In waɗanda suka tsira ba su kai 70 ba, a shuka shi bana a sabunta.

Takarda ce ta fi wahala, don ita ke taɓa zumunci, shi ya sa kowa ke gudunta. Amma lissafi ba ya jin kunya. Mutum ya bar hekta 10 da 'ya'ya biyar, kowannensu ya haifi biyar, su ma haka. A tsatso na uku magada 125 ne, kowa yana da murabba'in mita 800, rabinsu ba su taɓa ganin gonar ba. Wanda ke zaune a gidan ba zai gyara rufi ba don ba nasa ba ne shi kaɗai, na birni ba za su aiko ba don ba su ke kwana a ciki ba. A jihohin kudu na ƙasar Amurka iyalan baƙaƙen fata sun yi asarar gonaki masu yawa ta wannan ƙofa. An gaji fili ba wasiyya ba rajista, sai ɗan kasuwa ya nemo magaji ɗaya a wani birni mai nisa ya sayi ɗan kasonsa, ya je kotu ya nemi a raba, kotu ta ce fili ba ya rabuwa sai a yi gwanjonsa duka. Sai a 2010 aka tsara dokar da jihohi da dama suka ɗauka, wadda ta ba sauran magada damar fara sayen kason, ta kuma sa a yi wa filin kima ta gaskiya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kowace al'umma tana da dokar gadonta, kuma ba ina cewa a hana kowa haƙƙinsa ba ne. Rabon haƙƙi daban, yanka ƙasa daban. Ana iya rubuta kason kowa, mace da namiji, a bar gidan da abin da ke kewaye da shi a dunƙule. Yarjejeniyar ta faɗi wanda zai zauna, abin da kowa zai riƙa bayarwa duk shekara don gyara, da yadda za a lissafa wahalar mai tsaron gidan, domin rashin lissafa ta shi ne mafarin yawancin rigima. Ta ce wanda zai sayar da kasonsa ya fara tallata wa dangi, a ba su wa'adi, misali kwana 90, mutum biyu da ba su da kaso su yi kima. A zagaya iyaka tare da maƙwabta tun tsofaffin ɓangarorin biyu suna da rai, a kafa alama mai ɗorewa. Taswirar waya tana kuskure da kamar mita biyar ko a fili, ta isa tunatarwa amma ba ta isa shaida ba, sai an kawo mai awon ƙasa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A nan hukuma take da rawar takawa, kuma a ganina yawanci ba inda ya dace take sa kuɗinta ba. An fi son a zaɓi gida ɗaya mai kyau a mai da shi wurin kallo. Tun 1891 Artur Hazelius ya buɗe irin wannan wurin kallo mai suna Skansen a Stockholm, babban birnin Suwidin, inda aka kwaso tsofaffin gidajen karkara aka sake kafa su, kuma ya ceci abubuwa da yawa. Amma gidan da aka raba da gonarsa da mutanensa ya zama gawa mai kyan likkafani. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa gidajen manoma bakwai na Halsingland a Suwidin cikin kayan tarihin duniya a 2012, to sauran dubban fa? Na fi ganin hikima a abin da ke barin mutane a cikin gidajensu. A Shirakawa-go ta Japan har yanzu ana haɗuwa a yi wa manyan rufin ciyawa baibaya da aikin gayya, sana'ar ba ta mutu ba don ana yin ta. Norway ta sa haƙƙin dangi na riƙe gonar gado a cikin tsarin mulkinta tun 1814. Jihohin Amurka da yawa suna ba da shaidar girmamawa ga gonar da ta shekara 100 a hannun iyali ɗaya, abin da kusan ba ya cin kuɗi amma yana sa dangi su tono takardunsu. Japan kuma daga Afrilun 2024 ta wajabta wa magaji yin rajistar filin da ya gada cikin shekara uku. Tilas irin wannan ba ta da amfani sai rajistar ta yi sauƙi, ta yi arha, ofishinta ya zo kusa da manomi. In aka haɗa da horar da matasa gyaran tsohon gini a makarantun sana'a, da ɗan wuri a ɗakin karatu na yanki inda iyali za su ajiye kwafin muryoyi da hotunansu, an yi rabin aikin.

Wani zai ce duk wannan maganar masu ƙoshi ce, wanda ke neman kuɗin asibiti ba ya tunanin yaɓe. Gaskiya ne, kuma ba kowane gida ne zai tsira ba. Wani dangin sayarwa ce alherinsu, ba kuma abin kunya ba ne. Amma ko za a rushe gobe, yau ana iya ɗaukar gidan a takarda. Mutum biyu da tef ɗin awo da littafi sun isa. A zana filin gidan daga sama, a nuna gabas, a auna kowane ɗaki tsawo da faɗi da kaurin bango, a rubuta sunan da 'yan gida ke kiransa da shi da waɗanda suka kwana a ciki. A ɗauki hoton kowane bango daga waje da ciki, da mutum a tsaye riƙe da sanda mai mita ɗaya don a gane girma. A sa rijiya da rumbu da turke da kowace babbar bishiya a zanen, da tazararsu daga ƙofa. A yanki reshe ko a ɗebi 'ya'yan itatuwan da za su kamu a wani wuri. In akwai kaburbura a filin, a auna inda suke daga alamar da ba ta gushewa, a kuma sa hanyar zuwa gare su a cikin takardar ciniki kafin a karɓi ko sisi, don bayan an sa hannu sai abin da mai saye ya ga dama.